Sabon batir amma caji ya ƙi shiga: ina matsalar take ɓuya a kwamfutar tafi-da-gidanka?

Mutum ya sayi sabon batir, ya kwance bayan kwamfutarsa, ya cire tsohon ya ɗaura sabon, ya jona caja, sai alamar batir da ke ƙasan sikirin ta tsaya cak. Ko dai ta nuna an jona wuta amma ba a caji, ko ta maƙale a sifili ta ƙi motsi, ko ma ta ce babu batir a jikin kwamfutar sam. Abin da ke fara zuwa a ran kowa shi ne an haɗa shi da jabu. Wani lokacin haka ɗin ne. Amma sau da yawa ba nan gizo ke saƙar ba, kuma wanda ya yi gaggawar mayar da batirin ya karɓo wani yana iya dawowa ya tarar matsalar na nan tana jiransa.

Dalili shi ne cajin kwamfuta ba kamar cika tulu ba ne, da za a ce ruwa ya zo, baki a buɗe yake, sai ya shiga. Abubuwa uku ne sai sun aminta da juna kafin wuta ta wuce: caja, batirin kansa, da wata 'yar na'ura da ke kan madabod, wato babban bod ɗin kwamfuta, wadda ake kira EC, mai kula da maɓallin kunnawa, fanka, kibod da harkar wuta gaba ɗaya. EC ba ya barci ko da an kashe kwamfuta. Shi ne ke tambayar caja ƙarfinta nawa, ya tambayi batir me yake buƙata, sannan ya ba aisin caji, wato ɗan cif ɗin da ke sarrafa shigar wuta cikin batir, umarnin sakin wuta. Da zarar ɗaya daga cikin amsoshin nan bai gamsar da shi ba, sai ya rufe hanya. Ba lalacewa ba ce, haka aka tsara shi, domin batirin litiyam da aka cusa wa wuta ba bisa ƙa'ida ba yana iya kumbura ko ya kama da wuta.

Shi kuwa batirin, ba ƙwayoyin ajiye wuta kaɗai ke cikinsa ba. Akwai ɗan ƙaramin bod mai nasa cif, wanda ke ƙidaya wutar da ta shiga da wadda ta fita, yana auna zafi, yana duba ƙarfin kowace ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, kuma yana riƙe da makunnai biyu, ɗaya na shigar wuta ɗaya na fitarta. Yana magana da EC ta siraran wayoyi biyu a bisa tsarin da ake kira SMBus, wanda kamfanonin Intel da Duracell suka fito da shi a tsakiyar shekarun 1990. Ta nan batir ke faɗin sunansa, wanda ya ƙera shi, yawan cajin da ya rage masa da irin wutar da yake so a ba shi. Shi ya sa soket ɗin batir yake da fil da yawa maimakon biyu: masu kauri na gefe na ɗaukar wuta ne, na tsakiya kuma na magana ne da auna zafi. Fil ɗaya tak daga cikin na tsakiyan ya kauce, kwamfuta za ta iya yin aiki da batirin amma ta ƙi yi masa caji, ko ta ce ba ta gan shi ba.

Kafin a taɓa sukundireba a karo na biyu, akwai tambayar da nake ganin ta fi duk wani gwaji muhimmanci, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa: me ya sa aka canza tsohon batirin tun farko? Idan tsohon yana karɓar caji har ya cika, sai dai yana saurin ƙarewa ko ya kumbura, to hanyar caji lafiyarta lau har zuwa ranar da aka buɗe kwamfutar. Ke nan matsalar ta shigo ne tare da sabon batirin ko tare da aikin ɗaura shi. Amma idan shi ma tsohon ƙin caji ya yi, shi ya sa aka zarge shi, to akwai kyakkyawan zaton cewa ba shi da laifi tun asali. Caja ce, ko bakin da ake jona ta, ko bod. Batir goma za a saya, amsar ɗaya ce.

Saboda haka kada a yi saurin rabuwa da tsohon batir. Shi ne babban shaida. A mayar da shi a ga abin da zai faru: in ya ɗauki caji, bod da caja sun fita daga zargi, sabon ne mai matsala. In shi ma ya ƙi alhali a da yana yi, wani abu ya taɓu a lokacin aikin. Sharaɗin kawai kada ya kasance kumburarre ne ko wanda ya huje ko ya lanƙwashe wajen ciro shi. Irin wannan ba a sake jona shi ko na minti ɗaya.

Daga nan sai caja, kuma a nan ya kamata a ɗan daɗe, don ta fi yaudarar mutane. Za ka ji mutum yana cewa ai cajarsa lafiya take tunda kwamfuta na kunnuwa da ita. Kunna kwamfuta daban, samun izinin yin caji daban. Cajar Dell mai zagayayyen baki, mai ba da 19.5V, tana da siririn fil a tsakiya wanda ba ya ɗaukar wutar aiki ko kaɗan. Aikinsa shi ne isar da saƙo daga wani ɗan cif da ke cikin cajar, mai faɗin cewa wat 45 ce, ko 65, ko 90, ko 130. Idan fil ɗin ya lanƙwashe, ko siririyar wayarsa ta tsinke a cikin kebul, kwamfutar za ta kunnu, amma za ta ce ba ta san cajar ba, ta ƙi yi wa batir caji, ta kuma rage gudun aikinta. A irin waɗannan kwamfutoci ana danna F2 lokacin kunnawa a shiga BIOS, wato wurin saitin kwamfuta da ke buɗewa kafin Windows ta tashi, a duba shafin bayanin batir: in an ga adadin wat a rubuce, caja ta gabatar da kanta, in an ga ba a san ta ba, an kama ɓarawon. HP ma tana da fil na tsakiya mai irin wannan aiki, haka cajar Lenovo mai baki mai kusurwa huɗu, sai dai su da resista suke sanar da ƙarfinsu.

Masu caji ta USB-C nasu lissafin daban ne. Caja da kwamfuta sai sun yi ciniki kafin wuta ta tashi daga 5V zuwa 9V, 15V ko 20V. Cajar waya da iyakarta 9V ba za ta wadatar da mafi yawan kwamfutoci ba. Kebul ɗin ma yana da ta cewa: wanda ba shi da cif a bakinsa iyakarsa 3A, wato wat 60 a kan 20V, komai girman kan cajar. Wat 100 na buƙatar kebul mai cif da ke ɗaukar 5A. Sannan ba kowane ramin USB-C da ke jikin kwamfuta ne ke karɓar caji ba. A wasu ɗaya ne kawai, kuma akan yi masa alama. Wani abin lura kuma: tsohon batir da ya mutu ba ya jan wata wutar kirki, don haka caja mai rauni na iya shekara tana ɓoye rauninta. Sabon batir da ya zo fanko yana neman wuta da yawa, sai asirinta ya tonu. Mai kwamfuta ya ga abin ya faro ne daga ranar canjin batir, sai ya ɗora wa batirin.

In caja ta tsira, a koma ciki. A kashe kwamfuta, a zare caja, a buɗe, a zare filogin batirin a dube shi cikin haske sosai. Ana neman fil da ya lanƙwashe, ko wanda ya nutse baya, ko waya da ta zame daga mazauninta, ko wadda murfi ya danne. Filogin nan ƙarami ne, kuma yana iya shiga rabi ya yi kamar ya zauna. A tura shi a miƙe da farce ko da abin roba har ya kai ƙarshe, ba da ƙarfe ba. A wasu ƙirar kebul ɗin rabe yake da batirin, ana ciro shi daga tsohon a sa wa sabon, ke nan bakuna biyu ne za a duba ba ɗaya ba. Akwai kuma kwamfutocin da ke da ɗan makunni a kan bod wanda murfin ƙasa ke dannawa; muddin murfin a buɗe yake, batir a yanke yake. Wanda ya yi gwaji kwamfuta a buɗe sai ya ɗauka batirin matacce ne.

Tunda an riga an zare batir da caja, wannan ne lokacin wartsakar da EC. A danna maɓallin kunnawa a riƙe na kamar daƙiƙa 30 zuwa 60 domin sauran wutar da ke maƙale a bod ta tsiyaye, sannan a mayar da batir, a rufe, a jona caja kafin a kunna. Amfanin wannan shi ne EC yana iya riƙe da bayanin tsohon batir ko wata alamar kuskure da ya ɗauka lokacin da aka zare shi, kuma ba ya mantawa sai wuta ta ɗauke masa gaba ɗaya. Wasu ƙirar Acer da Lenovo suna da ɗan rami a ƙasa da ake sa tsinken ƙarfe a danna don wannan aikin ba tare da buɗe murfi ba. A MacBook masu cif ɗin Intel ana kiran abin sake saita SMC. Masu cif ɗin Apple da suka fara fitowa a 2020 ba su da wannan matakin, kashewa da sake kunnawa ya wadatar. Masu ThinkPad na Lenovo da suka kashe batirin ciki daga BIOS kafin su fara aiki, kamar yadda kamfanin ya tanada, su tuna batirin ba zai farka ba sai an jona caja.

Yanzu ga batun da ya fi jawo a yanke wa sabon batir hukuncin da bai cancanta ba: batir mai barci. Ba a cike ake fito da shi daga masana'anta ba. Tun daga watan Afrilun 2016 ƙa'idar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana ɗaukar batiran litiyam da ba sa cikin na'ura idan cajinsu ya wuce kashi 30 cikin ɗari. Ga shi kuma masu ƙera su kan sa cif ɗin cikin wani yanayi na barci, makunnan nan biyu a rufe, don kada ya tsiyaye a hanya. Daga nan ya yi watanni, wani lokaci shekaru, a ajiye, yana raguwa a hankali. Ƙwayar litiyam lafiyayyiya tana zama ne a wajen 3.6V zuwa 3.8V, tana cika a 4.2V ko sama kaɗan a sababbin ƙira. Idan ta faɗi ƙasa da kamar 3V, aisin caji ba ya sakar mata cikakkiyar wuta. Yana ɗiga mata kaɗan-kaɗan ne har ta farfaɗo, kuma duk tsawon wannan lokacin abin da za ka gani a sikirin sifili ne. Maganin wannan haƙuri ne: a kashe kwamfutar, a jona ta da cajarta ta asali, a bar ta sa'o'i uku ko huɗu a wuri mai iska, a riƙa taɓa ƙasanta lokaci-lokaci don jin ko tana yin zafin da ya wuce ƙima.

Sai dai haƙurin yana da iyaka. Ƙwayar da ta faɗi ƙasa sosai, wajen 2V, tagullar da ke cikinta kan fara narkewa, kuma yi mata caji bayan haka haɗari ne. Cif ɗin batirin ya san wannan, don haka yakan kulle kansa kullewa ta har abada, a wasu ma ya ƙona wani fis da ke ciki da gangan. Batir ne sabo a leda, amma gawa. Idan ya kwana a jone bai ɗaga daga sifili ba, a duba ranar ƙira da ke jikin takardarsa, a mayar wa wanda ya sayar da shi. Zafi ma na hana caji: akasarin batiran nan ba sa karɓar wuta sai tsakanin digiri 0 da kamar 45 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa kwamfutar da fankarta ta toshe da ƙura kan dakatar da caji tana tsakiyar aiki, ta ci gaba bayan ta huce.

Game da manhaja, shawarar da ta fi yawo ita ce a shiga Device Manager a Windows, a cire direban da ake kira Microsoft ACPI-Compliant Control Method Battery, a sake kunna kwamfuta. Ba ta da illa, minti biyu ne, a gwada. Amma a ganina an ba ta girman da ya fi ƙarfinta. Windows ba ita ke yin caji ba, rahoto kawai take karɓa daga EC ta nuna maka. Abin da wannan dabara ke gyarawa shi ne rahoton da ya rikice, ba wutar da ta ƙi shiga ba. Hanyar raba gardama mai sauƙi ce: a kashe kwamfutar ɗungurungum a jona caja a dubi 'yar fitilar caji, ko a shiga BIOS a zauna a ga ko adadin yana hawa. In yana hawa a can, matsalar ta manhaja ce. In ba ya hawa, ko sau nawa aka sake ɗora Windows aikin banza ne.

Inda manhaja ke da hannu da gaske shi ne iyakar caji. Kamfanoni da dama sun sa tsarin da ke tsayar da caji kafin batir ya cika don ya daɗe bai tsufa ba: Lenovo Vantage, MyASUS mai zaɓin kashi 60 ko 80, saitin batir a BIOS na Dell da HP, tsarin Surface mai tsayawa a kashi 50, da na MacBook mai jinkirtawa a kashi 80. Saitin nan ba ya tafiya tare da tsohon batir, yana nan a kwamfutar. Wanda ya kunna shi shekara biyu da suka wuce ya manta, in ya ga sabon batir ya tsaya a 60 ko 80 da rubutun ba a caji, sai hankalinsa ya tashi a banza. Duk batirin da ya hau ya tsaya a kan adadi ɗaya kullum, nan za a fara dubawa.

Sai maganar dacewa. Sunan ƙirar kwamfuta bai isa a sayi batir da shi ba, domin ƙira ɗaya kan fito da batir iri biyu. Lambar da ke jikin tsohon batirin ita ce abin bi, tare da ƙarfin wutarsa. Abin da ke rubuce 7.4V ko 7.6V ƙwaya biyu ne a jere, 11.1V ko 11.4V uku ne, 14.8V ko 15.2V huɗu ne. Bambanci tsakanin 10.8V da 11.1V ba komai ba ne, salon rubutu ne kawai, amma tsallakawa daga uku zuwa huɗu sai in kamfanin ya tsara bod ɗin ya karɓi duka biyun. Yawan mAh ko Wh kuwa ba ya hana caji, daɗewa kawai yake nunawa. Bayan wannan akwai tantancewa. Tun daga ƙirar 2012 irin su T430 da X230, ThinkPad na tambayar batir wata shaidar sirri, in bai amsa daidai ba ta rubuta a fili cewa ba ta yarda da shi ba kuma ba za ta yi masa caji ba. Wasu kamfanonin gargaɗi kawai suke yi su ci gaba da caji. Ba duk batirin da wani kamfani na daban ya ƙera ne mara kyau ba, akwai nagartattu, amma wanda aka kwaikwayi cif ɗinsa da ha'inci a nan yake faɗuwa.

Ana iya tambayar batirin da kansa. A Windows a buɗe wurin rubuta umarni a sa powercfg /batteryreport, za ta fitar da shafi mai sunan batir, wanda ya ƙera shi, girman da aka tsara masa da girman da yake iya ɗauka yanzu. A Linux umarnin upower na ba da irin wannan. Idan bayanan sun fito tsaf, wayoyin magana na aiki. Idan gurabun sun zo fanko ko da lambobi marasa kan gado, ko dai fil bai taɓa ba ko cif ɗin ba ya jin yaren kwamfutar. Idan kuma batirin da aka kira sabo ya nuna girmansa ya ragu sosai ko an yi masa caji sau ɗaruruwa, tsoho ne aka sake wa riga, kuma hoton wannan shafin hujja ce a hannunka wajen mayarwa. Akan ba da shawarar sabunta BIOS, kuma takan yi amfani in kamfanin ya fitar da gyara kan caji, sai dai yawancin manhajojin sabuntawar ba sa yarda su fara sai da batir mai ɗan caji a jiki. Kada a tilasta masu. Wuta ta yanke a tsakiyar wannan aikin, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya rage shi ne wanda ba a so: bod ya taɓu. Yakan faru ne idan sukundireba ya gogi wani wuri alhali batir na jone, ko aka tura filogi a karkace har fil mai ɗauke da 11V ko 15V ya shafi layin magana da ba ya jure fiye da 'yan bolt kaɗan. Abin da ke ƙonewa yawanci ƙarami ne, fis da ke kusa da soket, ko 'yan kariyar layin magana, ko makunnin da ke tsakanin batir da bod, wani lokaci aisin caji, in an yi rashin sa'a EC ɗin kansa. Alamarsa ita ce tsoho da sabon batir duk sun ƙi, da cajar da aka tabbatar da lafiyarta a wata kwamfutar. Wannan aikin mai gyaran bod ne, kuma sau da yawa ana canza abin da ya ƙone ba sai an sayi bod sukutum ba.

Masu mitar auna ƙarfin wuta a gida su yi hattara da abu biyu. Ganin 0V a bakin batirin da ke ajiye ba shaidar mutuwarsa ba ce, domin da yawansu ba sa sakin wuta sai sun ji an jona su a kwamfuta. Kuma wajen auna caja mai fil a tsakiya, tsinken mita ya haɗa fil ɗin da bangon ciki na daƙiƙa ɗaya ya isa ya aika 19.5V cikin layin shaidar, ka lalata cajar da ta zo lafiya. Dabarar nan kuma ta farke ledar batir a cusa wa ƙwayoyinsa wuta kai tsaye don a tashe shi, a bar ta: tsallake kariyar da aka sa don hana gobara ne. Batirin da ya fara kumbura, ko yake wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, ko yake zafi alhali kwamfuta a kashe take, a zare caja, a cire shi, a ajiye shi a kan abin da ba ya cin wuta nesa da kaya, a kai shi inda ake karɓar matattun batira maimakon jefa shi a shara.

Idan caji ya fara shiga amma adadin yana tsalle, daga 40 ya faɗo 7 ko kwamfuta ta mutu tana nuna saura 20, wannan wata matsala ce daban kuma mai sauƙi. Cif ɗin bai gama sanin girman ƙwayoyinsa ba ne. A cika shi zuwa 100, a bar shi a jone na wasu sa'o'i, a yi aiki da shi har ya kusa ƙarewa, sannan a sake cika shi ba tare da yankewa ba. Zagaye ɗaya ko biyu kan daidaita lissafin. In bayan haka bai daina faɗuwa farat ɗaya ba, ɗaya daga cikin ƙwayoyin ce mai rauni, kuma a nemi canji tun garanti bai ƙare ba.